Bawul ɗin tsaro a tashar nukiliya: mene ne shi, kuma me ya sa ake sa masa ido?

Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, amma har yanzu Nijar ba ta da tashar da ke samar da lantarki da shi. A watan Yulin 2025 gwamnati ta sa hannu a Yamai kan wata takardar fahimtar juna da Rasha game da makamashin nukiliya. Injin nukiliya mafi kusa da Damagaram shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, kuma na bincike ne, ba ya ba da wuta. Kafin maganar gina tasha ta yi nisa, yana da kyau jama'a su san ɗaya daga cikin abubuwan da tsaronta ya rataya a kansu, wato bawul.

Bawul makulli ne da ke buɗe bututu ko rufe shi, kamar kan famfo. A yawancin tashoshin duniya ruwa ne ke sanyaya tukunyar nukiliya, zafinsa yana kai digiri 300, ana kuma matse shi sosai don kada ya tafasa. Idan matsin ya wuce kima, bawul ɗin tsaro yana buɗewa ya rage shi, sannan ya rufe. A kan wannan bututun akwai bawul na biyu, na ko-ta-kwana, wanda ma'aikata ke rufewa idan na farko ya maƙale.

Abin da ya faru a tashar Three Mile Island ta jihar Pensilbaniya a Amurka, ranar 28 ga Maris 1979, ya nuna cewa samun bawul biyu bai wadatar ba. Da ƙarfe 4 na asuba injinan tura ruwa suka tsaya. Injinan ko-ta-kwana sun tashi, amma an bar bawul biyu na hanyarsu a rufe, sai bayan minti 8 aka gano. Bawul ɗin rage matsi kuwa ya buɗe, ya ƙi rufewa. Fitilar ɗakin sarrafawa tana nuna cewa an ba shi umarnin rufewa ne kawai, ma'aikatan suka ɗauka ya rufe. Ruwan sanyaya tukunya ya yi ta zurarewa fiye da awa 2 kafin a rufe bawul na biyu. Kusan rabin cikin tukunyar ya narke, kuma mutane kimanin 140,000 suka bar yankin na ɗan lokaci.

Bayan haɗarin, hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta tilasta a sa na'urorin da ke nuna ainihin halin da bawul yake ciki, a buɗe ko a rufe, har da masu sauraron ƙarar ruwa a cikin bututu. Ana kuma gwada bawul na ko-ta-kwana lokaci zuwa lokaci, kuma bayan kowane gyara ma'aikaci na biyu yana bin bayan na farko ya tabbatar an mayar da komai yadda yake.

Duk ƙasar da ke son tasha sai ta kafa hukumar sa ido mai zaman kanta, da ikon shiga ta duba waɗannan gwaje-gwaje, ta kuma dakatar da aiki idan ba a yi su ba. Wannan na cikin ƙa'idojin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyena, wadda Nijar ke cikinta.