Bayani a kan Tsofaffin Dinarai da Ƙimarsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwa ɗalibai sun tambaye ni labarin dinarin da suke karantawa a babin zakka, da dalilin da ya sa wasu mutane ke tara tsofaffinsa suna sayensa da dukiya mai yawa. Na amsa musu da wannan taƙaitaccen bayani, ina neman taimakon Allah.

Fasali na farko, asalin dinari. Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya datar da mu da kai, a zamanin Annabi da halifofi shiryayyu Larabawa da dinarin Rumawa suke ciniki, mai ɗauke da surar sarkinsu da gicciye. Sunan dinari ma daga harshen Rumawa ya fito. Haka aka zauna har zamanin Abdulmalik ɗan Marwan. A shekara ta 77 ta Hijira, wajen 697 ta Miladiyya, ya sa aka buga dinari wanda babu sura a kansa, sai kalmar tauhidi da ayoyi da shekarar bugu. Nauyinsa miskali ɗaya, wato giram 4.25 a awon yau. Da wannan awo ne nisabin zinariya, miskali 20, ya zama giram 85.

Fasali na biyu, yaɗuwarsa. Dinarin Musulmi ya sami amincin 'yan kasuwa har ƙasashen Nasara. Wani sarki a Ingila, sunansa Offa, ya sa aka kwaikwayi dinarin halifa Mansur na shekara ta 157, ya ƙara sunansa da haruffan Rumawa a tsakiyar Larabcin, a juye, alamar maƙerin bai san abin da yake zanawa ba. Wannan tsaba tana gidan tarihi na Landan. Murabiɗuna kuma sun buga nasu a Sijilmasa da Agmat da zinariyar da ayari ke ketare Sahara da ita daga ƙasashen baƙaƙe. Al-Bakri ya ambaci cewa mutanen Tadmakka suna da dinarin zinariya tsantsa wanda ba hatimi a kansa, kuma a 2005 masu tono suka sami tukwanen zubin zinariya a kufan garin, cikin ƙasar Mali. Mu nan ƙasar Hausa da wuri kakanninmu suka yi ciniki, miskali kuwa a wurinsu ma'aunin zinariya ne.

Fasali na uku, yadda masu tarawa ke ƙimanta shi. Abubuwa huɗu suke dubawa: shekarar bugu, da garin da aka buga shi, da ƙarancin irinsa, da lafiyar jikinsa. Wanda aka huda don rataya, ko aka gutsure gefensa, ko rubutunsa ya goge, darajarsa ta faɗi. Suna auna shi, suna gwada rubutunsa da na 'yan'uwansa, domin jabu ya yi yawa. Dinaran Banu Umayya galibinsu ba su ambaci wurin bugu ba, saboda haka wanda ya ambata ya zama abin nema. Akwai na shekara ta 105 wanda ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz. A 2011 aka yi gwanjon ɗaya a Landan a kan fam miliyan 3.72, alhali zinariyarsa ba ta wuce miskali ɗaya ba. Ka ga ke nan labarin da ke kansa aka saya.

Fasali na huɗu, hukunci, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Tsufa ba ya fitar da dinari daga zama zinariya. Wanda ya ba da tsohon dinari ɗaya ya karɓi miskali goma na zinariya ya faɗa cikin ribar da shari'a ta haramta, domin zinariya da zinariya sai awo ya daidaita, kuma hannu da hannu. Idan da kuɗin takarda aka saya, fifiko ya halatta, amma kada a jinkirta karɓa. Wanda ya tara har nauyinsu ya kai nisabi, shekara ta kewayo, ɗaya cikin arba'in ya wajaba a kansa, ko da ya ce don tarihi ya ajiye. Wanda kuma ya tono binnanniyar dukiya, malamanmu Malikawa sun rarrabe: ta jahiliyya rikazi ce, ana fitar da humusi, mai alamar Musulunci kuwa hukuncin tsintuwa take ɗauka, sai a yi cigiya.

Wasiyyata gare ku, in irin wannan tsaba ta faɗo hannunku, kada ku yi gaggawar kai ta wurin maƙeri a narke. Shaida ce mai faɗin sunan sarki da gari da shekara, wani lokaci tana gyara abin da marubuta tarihi suka saɓa a kansa, kuma in ta shiga wuta ba ta dawowa. Ku girmama ta saboda sunan Allah da ke kanta.

Allah ne mafi sani. Ya ƙare da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Allah ya gafarta wa marubuci da mai kwafa da mai karantawa. Amin.