Pekin 1900: wa jakada yake ƙirgawa a cikin rahotonsa?

Duk shekara nakan kawo wa ƴan ajina labarin boren da ya tashi a arewacin ƙasar Sin a 1900, wanda Turawa suka kira na ƴan dambe. Ina so yara su koyi karanta takardar hukuma da idon basira.

A lokacin fari ya addabi manoma, ga kuma fushi da Turawa, da mishan, da layin dogonsu. Ranar 19 ga Mayu, Bishop Favier ya rubuta wa jakadan Faransa, Stephen Pichon, cewa bala'i na tafe. Jakadan Ingila, Claude MacDonald, bai ɗauki abin da zafi ba: ya shaida wa Landan cewa ruwan sama na ƴan kwanaki zai kwantar da tarzoma. Mu da muka san fari, mun san akwai gaskiya a ciki, amma ya raina fushin talakawa.

A ƙarshen Mayu aka ƙona tashar Fengtai. Farkon Yuni jirgin ƙasa tsakanin Tianjin da Pekin ya tsaya, aka kuma yanke wayar tangaraho. Admiral Seymour ya taso ta dogo da soja kimanin 2,000, ya maƙale a hanya, ya koma. Ranar 20 ga Yuni aka kashe jakadan Jamus, von Ketteler, aka yi wa unguwar jakadu ƙawanya har kwana 55.

Da labari ya katse, ƙarya ta cika gurbinsa. A tsakiyar Yuli jaridar Daily Mail ta buga cewa an hallaka baƙin duka. Saƙon sirri na jakadan Amurka, Conger, ya nuna suna raye.

A nan nakan tambayi yara: wa aka ƙirga? Baƙi kimanin 900 ne a unguwar, amma tare da su akwai Sinawa Kirista kusan 3,000, waɗanda suka haƙa ramuka suka gina shingaye. A ƙauyuka an kashe dubban irinsu, sannan sojan ƙasashe 8 suka zo suka kashe, suka wawashe.

Jakada ba lalle ne ya yi ƙarya ba, amma gwamnatinsa yake rubuta wa, ƴan ƙasarsa yake lissafawa. Malamai da uwaye, in yaro ya kawo maku rahoton wani rikici daga wayar salula, ku tambaye shi: wa ya rubuta, don wa, kuma wa aka bari a baya?