Daga bututun gilashi zuwa ɗigon jini

Mu da muka yi aikin awon jini a yankin Birnin Gwari mun san majinyacin da ya fi ba mu wahala. Manomi ne daga Damari ko wani ƙauye na bakin daji, wata da watanni yana ramewa, ga kasala, ga zazzaɓin dare, ya sha maganin shawara har ya gaji. Ka duba shi sarai, babu inda ya kumbura. Kumburin yana can ciki, kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

Abin da muka gada don gano shi tsohon awo ne, ESR. Edmund Biernacki, likita ɗan ƙasar Folan, ya lura a 1897 cewa jajayen ƙwayoyin jinin mara lafiya sun fi saurin kwantawa, sannan Alf Westergren na Suwidin ya daidaita hanyar awon a 1921. A zuba jini a siririn bututun gilashi mai ma'aunin milimita 200, a tsayar da shi cak, a dawo bayan awa ɗaya a karanta. Ba ya bukatar lantarki, shi ya sa ya zauna mana. Amma a ƙasarmu yana da ruɗi. Ƙarancin jini kan ɗaga shi, zafin ɗaki ma haka, bututun ya ɗan karkace sakamakon ya ɓaci. Mai sikila kuwa, ƙwayoyinsa ba sa jeruwa su nutse, sai awon ya fito ƙasa alhali yaro yana jin jiki. Ga shi jinin ba ya jira: cikin 'yan awoyi ake so a auna. A shekarun da 'yan bindiga suka tare hanyoyi, wa zai kai jini Zariya a kan lokaci?

Wani ma'aunin kumburin, CRP, ya zo ne daga baya. William Tillett da Thomas Francis suka gano shi a 1930 a Cibiyar Rockefeller ta New York, cikin jinin masu ciwon huhu. Furotin ne da hanta ke fitarwa, yana fara hawa cikin 'yan awoyi, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, ya sauka da zarar cuta ta lafa. A 1997 Paul Ridker ya nuna cewa ɗan hawansa a jinin mai lafiya na iya yin ishara ga ciwon zuciya nan gaba, kuma a 2003 masana a Amurka suka sa iyaka: sama da miligiram 3 a lita, haɗari ne babba.

A nan nake jan hankalin matasan da ke shigowa aikin. Wannan iyaka an yanka ta ne a inda babu zazzaɓin cizon sauro. A Damari da damina, maleriya kaɗai kan ninka CRP sau da yawa, haka ruɓaɓɓen haƙori ko gyambon ƙafa. Awon yana ce maka akwai kumburi, ba ya faɗin inda yake.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021: ga masu cuta mai karya garkuwar jiki, CRP da ya haura miligiram 5 a lita dalili ne na neman tarin fuka. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, sakamako cikin mintuna. Wanda nasa ya hau, a karɓi majinarsa a tura gwajin GeneXpert, ko a haɗa shi da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya.