Fata, Gashi da Ido: Inda Masu Ƙera Dodanni a Kwamfuta Suka Sha Wuya

Mu da muke sana'ar ƙera dodanni, aljanu da mayaƙan tatsuniya a kwamfuta mun san wani abu da mai kallo bai cika lura da shi ba: dodo mai ƙaho da ɓawo ya fi yarinya mai murmushi sauƙin yi. Babu wanda ya taɓa ganin dodo, saboda haka babu mai cewa ka yi kuskure. Fuskar ɗan Adam kuwa, kowa gwani ne a kanta tun yana goye.

Tarihin aikin ya bi wannan hanyar. A 1972 Ed Catmull da Fred Parke suka nuna hannu da fuska masu motsi a Jami'ar Utah, an haɗa su da 'yan filaye masu kusurwa. Halittun farko da suka burge duniya duk masu taurin jiki ne ko masu santsi: jarumin gilashi na fim ɗin Young Sherlock Holmes a 1985, halittar ruwa ta The Abyss a 1989, mutumin narkakken ƙarfe na Terminator 2 a 1991. Ko Toy Story na 1995 dabara ce. Kwamfutar lokacin komai ta fitar sai ya yi kama da roba, sai ma'aikatan kamfanin Pixar suka zaɓi kayan wasan yara, waɗanda dama na roba ne.

A gidajenmu kuwa, manhajar Poser da ta fito a 1995 ita ta buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa. Ka sayi jikin da aka riga aka gina, ka sa masa sulke da takobi, ka bar na'ura tana aikin fitar da hoto har gari ya waye. Sau da yawa ka tashi ka tarar gwiwa ta huda riga, ko kafaɗa ta murɗe don ƙashin da aka dasa a ciki bai san yadda tsoka take naɗewa ba. Wasu na raina hotunan wancan zamani. Ni ba na raina su, domin a can da yawa daga cikinmu suka koyi inda ake ajiye haske.

Fata ce ta fi ba mu wahala. Haske ba ya tsayawa a bayanta; yana shiga ciki, ya yi yawo cikin nama da jini, ya fito ta wani gefen. Ka dubi kunnen yaro idan rana na bayansa, za ka ga ya yi ja. Muddin kwamfuta ba ta lissafa wannan ba, fuska takan fito a bushe, ba rai. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan bincikensa suka fitar da hanyar lissafin da na'ura za ta iya ɗauka, shekara guda bayan haka kuma aka ga Gollum a fim na biyu na The Lord of the Rings. Ma'aikatan kamfanin Weta a ƙasar New Zealand sun ba shi fata mai shan haske, Andy Serkis ya ba shi motsi da murya. A ranar da muka ga Gollum yana gardama da kansa, mun san ma'aunin aikin ya canza gaba ɗaya.

Shekarar 2001 ɗin ce kuma ta nuna mana iyakarmu. Fim ɗin Final Fantasy: The Spirits Within ya ci kuɗi mai yawa, an ba jarumarsa Aki gashi sili kusan 60,000, amma mutane suka kalli idanunta suka ji tsikar jikinsu na tashi. Wani masani ɗan Japan, Masahiro Mori, ya riga ya bayyana haka tun 1970: abin da ya kusa zama mutum amma bai kai ba ya fi 'yar tsana ban tsoro. Ido na gaske yana da danshi, yana 'yan tsalle-tsallen da ba ka lura da su, fatar ido tana bin ƙwayarsa duk inda ta juya. Rasa ɗaya daga ciki, ka samu gawa mai magana.

Sai manhajar ZBrush ta zo ta ba mu damar sassaƙa da alƙalami, har tamoji da ramukan fata, manhajar Blender kuma ta zama kyauta ga kowa a 2002. Kayan aiki sun sauko hannun talaka.

Akwai abin da har yanzu yake damuna. Yawancin lissafin fata da gashi an gina shi ne a kan farar fata da miƙaƙƙen gashi. Theodore Kim, wanda ya yi aiki a Pixar kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Yale, ya rubuta a kan haka a fili a 2020. Baƙar fata kyanta yana cikin sheƙin da take mayarwa, ba cikin jan da ke ratsowa ba, kuma idan ka ɗauki saitin da manhaja ta zo da shi ka rage masa haske kawai, sai ta fito toka-toka. Gashinmu mai murɗewa ya fi haka wuya, domin kowane sili yana naɗewa ya kama na kusa da shi, kitso kuwa sai ka shimfiɗa layinsa ɗaya bayan ɗaya da hannu. A. M. Darke ta kafa taskar salon gashin baƙar fata a intanet don masu wannan sana'a su samu abin farawa. Duk da haka, wanda ya zauna yau zai ƙera sarauniyar mayaƙa mai zanen kitso da baƙar fata mai sheƙi zai ɓata kwanaki yana gyara abin da mai ƙera farar aljana yake samu da dannawa ɗaya.