Turke, Harawa da Allura: Tarihin Tsare Dabbar Gida a Ƙasar Rano

Rurum tana kwance a tsakanin duwatsun kudancin Kano, cikin ƙaramar hukumar Rano, dab da ruwan Tiga, kuma ta kasu gida biyu, Tsohon Gari da Sabon Gari. Rano kuwa ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, shi ya sa in an tashi ba da tarihin wannan yanki akan tsaya kan sarauta da ganuwa da yaƙi. Amma akwai wani tsari da ya daɗe tare da mutanen Rurum da maƙwabtanta irin su Kibiya, wato yadda ake fitar da akuya da tunkiya da kaza da kare da kyanwa daga shekara lafiya. Abin da tarihin wannan tsari yake nunawa shi ne, lafiyar dabbar gida a ƙasar Hausa ta rataya ne a kan yarjejeniyar gari gaba ɗaya, wadda take bin damina da kaka da hunturu da rani. Duk wani sabon magani da ya shigo, ya yi tasiri ne gwargwadon yadda ya shiga wannan yarjejeniya.

Zama wuri ɗaya da dabba ya samo asali daga tsaro. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 Ningawa sun yawaita kai hari kudancin Kano, ga kura tana kewaya gari da dare, don haka duk abin da mutum ya mallaka mai numfashi, cikin gida yake kwana. Cunkoson jama'a ya ƙara ɗaure lamarin. Binciken da Michael Mortimore ya fara a karkarar Kano tun shekarun 1960 ya nuna cewa ana noma gona ɗaya shekara bayan shekara ba hutu, kuma abin da yake riƙe ƙarfinta shi ne takin da ake kwasowa daga gida a mangala bisa jaki. Akuya da tunkiya ke samar da wannan taki, gona kuma ta mayar musu da harawa da karmami da ƙowa. Yawancin waɗannan ƙananan dabbobi na mata ne, da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya, da su ake fita kunyar biki, saboda haka akwai ido a kansu safe da yamma.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai dagaci ko mai unguwa ya sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Wadda aka kama a gona, gidan mai unguwa za a kai ta, sai an biya ɓarna. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano ya ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar dare, ya bar wa mai gona tsaron rana, amma al'adar ƙasar nan ta ƙara a kan haka, ta ɗaure dabba dare da rana har a kawar da amfani. Wanda ya shiga gida a watan Agusta zai ga abin da ɗaurin yake nufi. Turaku a jere ƙarƙashin rumfar kara, an ɗaga wurin da ƙasa don kada ruwa ya kwanta, domin akuya ba ta shiri da laima, kofatonta yakan ruɓe, tari ya kama ta. Yara na shigowa da dammunan ciyawa a ka, a baza ta ta sha iska kafin a zuba, gudun kumburin ciki da zawo. A gefe ga kaskon dusa da ɗan jiƙon kanwa, uwar gida na bin kunne da ƙasan wutsiya tana cire kaska.

Da kaka ta yi sai a saki, dabbobi su bi gonaki suna kala. A lokacin ne kuma ake tanadin watannin wuya: a ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora kan soro ko a rassan bishiya, inda gara da bakin akuya ba za su kai ba. Gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, yana ba da 'ya'yansa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Hunturu lokacin toshe akurki ne da killace 'yan tsaki da 'yan awaki daga iska, bazara kuwa lokacin inuwa da ruwan sha. Bukukuwa sun zo da nasu nauyin, domin watan Musulunci yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Babbar Sallah ta faɗo a Disamba a 2007, a Satumba a 2016, a farkon Yuni a 2025, don haka mai turka rago dole ya iya kiwonsa a sanyi da ruwa da zafi. Shari'a kuma ta hana layya da dabba mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko mara lafiya, ko ramammiya, kuma wannan sharaɗi ya koya wa mai saye buɗe baki da duba ido da kofato kafin ya biya.

Mai suka zai ce duk wannan tsaron dukiya ne, ɗaurin damina gona yake karewa, kuma Bahaushe bai san ajiye dabba don ƙauna ba. Gaskiya ne amfani shi ne tushe, kuma ɗauri yakan ramar da dabba a gidan da babu mai yankan ciyawa. Sai dai kare da kyanwa, waɗanda ba a yanka su ba a kai su kasuwa, sun isa shaida cewa lamarin ya wuce lissafin riba. Tarihin Kano ya ambaci baƙin kare cikin abin da ake kai wa gunkin Tsumburbura a zamanin Barbushe. Musulunci ya kawar da wannan, ya halatta kare don farauta da kiwo da gadin gona, ya kuma zo da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Waɗannan hadisai suna bakin malamai da iyaye, su ne suke hana yaro jifan mage. Mafarauta sukan ciyar da karnukansu duk damina don farautar rani, kyanwa kuwa tana tsare rumbu daga ɓera, ana ajiye mata ɗan nono. Aiki da tausayi tare suka zauna a gidan Bahaushe.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato tsohon tsari ya iya yunwa da sanyi da ɓarna, amma ya gaza gaban annoba. Wannan haka yake. Cutar shanu ta bushiya da ta ratsa Afirka a farkon shekarun 1890 ta share garkunan Fulani, saƙe-saƙin maɗaci bai tsayar da ita ba. Haka cutar kaji da takan zo da hunturu: kaza ta yi tsuru, fukafukai a sake, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako akurki ya zama wayam, duk da gautan kaji da barkonon da aka jiƙa a ruwan sha. Haukan kare kuwa, in alama ta bayyana a jikin wanda aka ciza, sai dai haƙuri. Maganin waɗannan daga ɗakin bincike ya fito: Louis Pasteur ya gwada rigakafin haukan kare a kan mutum a 1885, cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta kafu a 1924. Amma yadda aka ci bushiya darasi ne. Makiyaya sun daɗe suna ɗari-ɗari da jami'in gwamnati saboda jangali, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi a Kano. Gangamin da aka fara a yankin Tafkin Chadi a 1962 ya yi nasara ne da ya bi ta hannun sarakuna da arɗo-arɗo, ya yi wa garke-garke allura a lokaci guda. Da aka yi sakaci cutar ta dawo a 1983, kuma sai 2011 aka bayyana kawar da ita a duniya. Allurar gida ɗaya ba ta tsare unguwa, kamar yadda turken gida ɗaya ba ya tsare gonaki.

Abin da ya fi girgiza tsarin a wannan yanki shi ne sauyin ƙasa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako ta kawo noman rani a Kadawa da Bunkure da Kura da bakin ruwan kansa, don haka sakin kaka ya daina zama 'yanci, tunda akwai tumatir da alkama da shinkafa a fili lokacin da a da babu komai. Ruwan da ba ya ƙafewa yana raya ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Leda ta cika juji, mahauta na ciro ta dunƙule a tumbin akuya. Motoci sun haɗa kasuwanni, murar tsuntsaye da aka tabbatar a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006 ta iso Kano nan da nan. Jajibirin Sallah ya zama lokacin haɗari, domin ragon da aka sayo daga nesa yakan shigo da mura da zawo ya raba wa na gida.

Duk waɗannan matsaloli na gari ne, kuma gari yana da hanyar da ya saba bi. Bakin da yake shelar ɗauri zai iya shelar ranar ɗiga wa kaji rigakafi mai jure zafi, wanda cibiyar Vom take yi, kafin hunturu, da ranar allurar awaki kafin cikowar kasuwar layya, da ta karnukan farauta kafin a shiga daji. Zai iya sa a ware baƙuwar dabba mako biyu, a kuma tsayar da sabon lokacin ɗauri inda ake noman rani. Jami'in dabbobi da ya fara da zauren dagaci zai tarar da mutanen da suka san amfanin yin abu tare kuma a kan lokaci tun kafin a kawo musu allura.