Ba da Tazara a Lokacin Annoba: Nazari Daga Hanyar Abuja Zuwa Uke

Annoba ita ce cutar da ke bazuwa cikin jama'a da saurin da ya zarce yadda aka saba gani. Ba da tazara kuwa, a ma'anar da muka ɗauka a nan, shi ne rage kusantar juna da jiki domin ƙwayar cuta ta rasa hanyar tsallakawa daga mai ɗauke da ita zuwa mai lafiya. Wannan ya sha bamban da keɓewa, wato ware wanda gwaji ya tabbatar ya kamu, da kuma killacewa, wato tsare wanda ya yi cuɗanya da mai cutar har a ga ko alamu za su bayyana. Keɓewa da killacewa sun shafi mutanen da aka sani ne kawai. Tazara ta shafi kowa, domin mai ɗauke da cuta irin korona yana iya shafa wa wasu alhali ko ciwon kai bai ji ba.

Hikimar matakin tana cikin abin da masana ke kira adadin yaɗuwa, wato matsakaicin yawan mutanen da majinyaci ɗaya yake shafa wa. Idan adadin ya haura 1 annoba tana ƙaruwa, idan ya gaza 1 sai ta ja baya. Tun da korona tana bin feshin tari da atishawa da numfashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tazarar aƙalla mita 1, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya kuma ta ce mita 2. Tazara ba ta warkar da kowa. Jinkirta yaɗuwa take yi don kada marasa lafiya su yi wa asibitoci yawa a lokaci guda.

Muna iya kasa tazara gida uku. Akwai ta mutum da mutum, kamar barin musafaha da buɗa sahun salla. Akwai ta taro, wato dakatar da makarantu da bukukuwa da tafsirin azumi, kamar yadda aka yi a wurare da dama a Ramadanan 2020. Ta uku ita ce ta gari, wadda jama'a suka fi sani da kulle. Wannan na ƙarshe yana da tushe a tarihin Musulunci, domin Halifa Umar ya fasa shiga Sham sa'ad da ya sami labarin annobar Amwas.

An tabbatar da korona a Najeriya a ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma daga 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, aka fara sassauta ta ranar 4 ga Mayu. A nan ne garuruwan hanyar Abuja zuwa Keffi suka cancanci nazari. Daga Nyanya zuwa Mararaba da Masaka har Uke, ɗimbin mazauna suna kwana a gefen birnin Abuja, suna neman abinci a cikinsa. Direba da ɗan dako da mai talla sai sun fita suke ci, iyali kan cunkushe a ɗakin haya ɗaya, motar haya kuma ba ta mayar da kuɗin mai sai ta cika. Ga irin waɗannan, mita 2 abu ne da sai mai fili da tanadi yake iyawa.

Akwai kuma batun amana. Bayan rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu, cinkoson da aka gani wajen jana'izarsa a maƙabartar Gudu ya jawo suka, domin talaka yana auna doka ne da halin masu kafa ta.

Saboda haka muna ganin sharuɗɗan nasarar tazara uku ne: bayani cikin harshen da jama'a ke ji ta bakin malamai da sarakuna, tallafin abinci da zai isa gidaje kafin a rufe kasuwa, da shugabanni masu fara bin dokar da kansu. Duk shirin da za a yi wa annoba ta gaba a Abuja ya kamata ya lissafa da mutanen Uke da maƙwabtansu tun daga farko.