Daga lifidi zuwa tenshan: sunayen da ke bakin tela

Tun kafin keken ɗinki ya shigo ƙasar Hausa, ɗinki mai cushe yana da sunansa, wato lifidi. Ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, audugar rimi a tsakani, sai a bi shi da allura layi-layi don kada audugar ta tattaru gefe guda. Doki da mahayinsa ake sa wa, ya tare kibiya. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Masana harshe suna mai da kalmar ga Larabci, libd, wato ulun da aka danne ya haɗe. A Haɗeja, garin Sarki Buhari da ya rasu a 1863, ba a buƙatar a gaya wa kowa waɗanne ne 'yan lifida. Har yau ana ganinsu a hawan salla.

Sai dai telan da ke ɗinka wa amarya zanin gado mai soso ba zai ce lifidi yake ɗinkawa ba, ko da yake aikin ɗaya ne. Kalmar ta zauna a fada da bargar dawaki, ta ƙi bin sana'ar zuwa kasuwa. Shi kansa tela sunan Turanci ne da ya ture maɗinki gefe, keke kuwa daga Yarabanci muka aro shi.

Cikin keken ma haka abin yake. Masaƙa suna da ƙoshiya, suna da kwarkwaron da ake naɗa zare a kai a sa cikinta. Abin da ke ƙarƙashin allurar Butterfly ko Singer ke nan, ba ragi: ɗan abin naɗi a cikin gidansa. Amma teloli da yawa bobin da shatil suke cewa. A ganina an yi asara a nan, don yaron da ya san ƙoshiyar masaƙi ba zai sha wuyar gane zaren ƙasa ba.

Inda na fi son tsayawa shi ne tenshan, ɗan maƙunnin nan da ke matse zaren sama tsakanin faya-fayan ƙarfe biyu. Sunan aro ne, amma ciwonsa da Hausa ake faɗa. Keke yana tsinka zare. Yana tsallake. Yana tattare kaya. Ɗinki ya yi sako-sako. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Kowace magana tana nuna wa mai gyara inda zai sa hannu, kuma galibi magani biyu ne: a ɗaure ko a sassauta.

Dalili kuwa, irin ɗinkin da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846 zare biyu ne ke sarƙewa, kuma ƙullin ya kamata ya ɓuya a tsakiyar kaya. In na sama ya yi tauri, sai ya janyo na ƙasa ya bayyana a fuska, ƙyallen ya tattare. In ya yi sake, sai ya zubo ta baya. Nan ɗan koyo yake ruɗewa: ya ga cukurkuɗa a ƙasa, ya kama kwance ɗan sukurun shatil, alhali galibi laifin na sama ne. Wataƙila ma ya zura zaren ne ƙafar keke mai danne kaya tana sauke, faya-fayan a rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba.

Kaya mai soso yana ƙara tsananta abin, domin kaurinsa yana shan zare fiye da shadda ko atamfa. Gwanaye sukan sa allura lamba 16 ko 18, su tsawaita ɗinkin, su gwada a kan guntun da ke da kaurin aikin kafin su taɓa kayan mutane. In hunturu ya kankama a fadamar Haɗeja da Nguru, ƙura da burbushin auduga sukan maƙale tsakanin faya-fayan su hana su matsewa, ko an murɗa maƙunnin har ƙarshe. Wannan kam ba ɗauri yake so ba, a ɗaga ƙafa a ja tsumma mai tsabta ta tsakani.